Amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen tsara tafiyar ƙananan jiragen sama

Amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen tsara tafiyar jirgi wata hanya ce da matuƙan ƙananan jiragen sama suke bi don su ga kamannin ƙasar da za su ratsa tun kafin su tashi. Masu yin hakan galibi su ne masu lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kai da ɗaliban makarantun koyon tuƙi. Ana amfani da manhajoji irin su Google Earth, ko kuma manhajojin da aka yi musamman domin matuƙa, kamar ForeFlight da SkyDemon da Garmin Pilot. Matuƙi yakan ja layin tafiyarsa a kan hoton, ya zaɓi alamomin da zai gane daga sama, ya duba filin da zai sauka da wuraren da zai nufa idan inji ya mutu. A dokar sufurin sama hoton taimako ne kawai. Taswirar jiragen sama da sanarwar hukuma da rahoton yanayi su ne abin dogaro, domin hoton yana nuna yadda ƙasa take ne a wata rana da ta riga ta wuce.

Tuƙin gani da ido

Dokokin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, sun raba tuƙin jirgi gida biyu. Akwai tuƙi da na'ura, wanda manyan jiragen fasinja suke yi ko da cikin gajimare ne, akwai kuma tuƙin gani da ido, wanda ake taƙaita sunansa da VFR. A na biyun, matuƙi yana gane inda yake ne ta hanyar kwatanta abin da ke cikin taswira da abin da yake gani ta taga: kogi, layin dogo, mararrabar hanya, dutse ko gari. Mai lasisin ƙashin kai, wanda mafi ƙarancin horonsa a ƙa'idar ICAO shi ne awa 40 na tuƙi, da wannan hanyar yake farawa, kuma da yawa a kanta suke tsayawa.

Ƙa'idar ta tanadi cewa a ƙasa da ƙafa 10,000, a galibin sassan sararin sama, sai matuƙi yana iya hangen nisan kilomita 5, yana kuma nesa da gajimare da mita 1,500 ta gefe da ƙafa 1,000 ta sama ko ƙasa. A kan gari ko taron jama'a ba zai yi ƙasa da ƙafa 1,000 daga saman abu mafi tsawo da ke cikin tazarar mita 600 da jirgin ba, sai in tashi ko sauka yake yi. A sauran wurare iyakar ita ce ƙafa 500.

Taswirar da aka fi yin wannan tuƙi da ita tana da ma'aunin 1:500,000, wato santimita ɗaya a takarda daidai yake da kilomita 5 a ƙasa. A irin wannan ma'auni tsohon birnin Kano duka bai wuce a rufe shi da babban yatsa ba. Wannan giɓi ne hoton tauraron ɗan'adam yake cikewa.

Tarihi

Jiragen sama na farko da suka iso Kano sun sauka ne a watan Nuwamba na 1925. Jirage uku ne ƙirar DH.9A na rundunar sojan saman Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, waɗanda suka taso daga Helwan a Masar suka ratso Sudan da Chadi, suka sauka a filin wasan dawaki. Kamfas da agogo da taswira su ne kayan aikinsu, sai abin da ido ya gano a ƙasa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano, kuma filin jirgin da yanzu ake kira Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya. Har yau sararin saman Najeriya baki ɗaya da sunan Kano aka yi masa rajista a tsarin ICAO, da lambar DNKK.

Ɗaukar hoton ƙasa daga sararin samaniya domin amfanin farar hula ya kankama ne da shirin Landsat na Amurka a 1972, amma shekaru da yawa hotunan suna hannun gwamnatoci da masu bincike. Abin ya sauya a 2005, lokacin da Google ya fitar da Google Earth bayan ya sayi kamfanin Keyhole a 2004. A 2007 aka sa wa manhajar wani ɓangare na kwaikwayon tuƙin jirgi, a 2009 aka ƙara damar duba tsofaffin hotunan wuri ɗaya shekara bayan shekara, a 2015 kuma aka mayar da Google Earth Pro kyauta.

Najeriya ma tana da nata taurarin. Hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a watan Agusta na 2011. An yi su ne domin taswira da noma da sa ido kan bala'o'i, ba domin matuƙa ba.

Abin da hoton yake iya nunawa

Amfanin hoto ya dogara ne da girman ƙasar da kowane ɗigo nasa yake wakilta. A Landsat ɗigo ɗaya mita 30 ne, a NigeriaSat-1 mita 32. Wannan ya isa a ga tafki ko gari, amma bai isa a ga gida ba. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ba da mita 10, suna kuma komawa kan wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, don haka sun fi dacewa da sanin ko kogi ya cika ko fadama ta bushe. NigeriaSat-2 yana kaiwa mita 2.5. Hotunan birane da ake gani a Google Earth akasari na kamfanonin kasuwanci ne irin su Maxar da Airbus, inda ɗigo ɗaya bai kai mita ɗaya ba, har ana iya karanta lambar da aka rubuta a bakin titin jirgi.

Tudu da kwarin da manhajar take nunawa ba daga hoton suke fitowa ba. Daga wani awo ne dabam, mafi shahara shi ne wanda kumbon Endeavour ya yi da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairu na 2000. Awon yana ba da tsayin ƙasa a kowane murabba'i mai faɗin kusan mita 30, sai manhajar ta shimfiɗa hoton a kansa kamar mayafi. Saboda haka ƙaramin dutse yakan fito a daddaɗe, ƙarfen sadarwa da ke kansa kuwa ba ya fitowa ko kaɗan.

Yadda ake yi

Matuƙi yakan fara da taswirar hukuma, ya fitar da hanyarsa da tsayin da zai bi. Bayan haka ne yake ɗora layin a kan hoto, ko dai da hannu ko ta fayil ɗin KML, wanda manhajoji da yawa suke iya karantawa. Ma'aunin da ke cikin manhajar yana ba da nisa da kusurwa. Kusurwar ta arewa ta haƙiƙa ce, ba ta kamfas ba, don haka sai an gyara ta, ko da yake bambancin a arewacin Najeriya ƙanƙani ne.

Mataki mafi amfani shi ne karkata hoton. Daga kai tsaye a sama komai a fili yake, amma matuƙi ba ya ganin ƙasa haka. Yana kallonta ne a kaikaice, daga ƙafa dubu biyu ko uku, hancin jirgi kuma ya rufe masa abin da ke gabansa daf. Idan aka saukar da idon manhajar zuwa tsayin da za a bi aka juya shi ta fuskar da za a fito, sai a ga alamomi da yawa da suka yi kyau daga sama sun ɓace. Alama mai kyau ita ce babba, wadda ba ta da irinta a kusa, kuma ta ɗan kauce wa layin tafiya ta ɓangaren hagu inda matuƙi yake zaune. Ƙauye ba ya cika zama alama a ƙasar Hausa, don ƙauyukan suna da yawa kuma sun yi kama da juna. Wurin da layin dogo ya tsallake kogi ya fi ƙauye goma.

Misalin Zariya zuwa Kano

Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce babbar makarantar koyon tuƙin jirgin farar hula a arewacin ƙasar, kuma tana horarwa da ƙananan jirage irin su Diamond DA40 da DA42. Daga filin jirgin Zariya zuwa na Kano kusan kilomita 135 ne a miƙe, ana fuskantar arewa maso gabas, tafiyar kimanin minti 45 ga ƙaramin jirgi. A hoto ana ganin tafkin madatsar ruwa ta Tiga can gabas da layin, da na Challawa da ke Karaye a yammacinsa. Daga nan sai kogin Challawa, wanda yake gitta hanya kudu da birnin. Wanda ya fito ta wannan fuska sai ya fara tarar da tsohon birni kafin ya kai filin jirgi, domin filin yana arewa maso gabas da shi.

Duwatsu biyu ne suka yi fice a cikin ganuwa: Dala, mai tsayin mita 534 daga doron teku, da Goron Dutse, mai mita 517, wanda yake ta yammacin birnin, a ɓangaren Ƙofar Kansakali da Ƙofar Kabuga. Ga mai tafiya a ƙasa, Goron Dutse abu ne da ake ɗaga kai a kalla, kuma unguwar da ke gindinsa, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwale, da gidan yarin da ke wurin, duk sunansa suka ɗauka. Lissafin matuƙi dabam ne. Filin jirgin Kano yana kan ƙafa 1,562, wato mita 476, don haka Goron Dutse ya ɗara shi ne da kusan mita 40 kacal, Dala kuma da kusan mita 60. Daga ƙafa 3,000 duwatsun ba su yin kama da tudu. Abin da yake bambanta su shi ne launi da fili: jan marmara tsirara a tsakiyar rufin gidaje masu cunkoso, da ma'adanar ruwan famfo da ke saman Goron Dutse. Taswira tana ba da tsayin wuri da lamba kawai, hoto kuwa yana nuna wannan kamannin, kuma a nan ne ya fi ta.

Duwatsun biyu suna kusa da juna, don haka wanda bai saba ba yana iya ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya. Dubawa a manhaja daga fuskar kudu maso yamma tana warware wannan: Goron Dutse ake fara kaiwa, Dala yana gaba da shi ta wajen filin jirgi.

Ƙa'idar ƙafa 1,000 tana aiki a nan. Dala yana da ƙafa 1,753, saboda haka ko ba a lissafa wani ƙarfe da aka kafa a kusa ba, mai ratsa wannan yanki ba zai yi ƙasa da kusan ƙafa 2,750 a ma'aunin tsayinsa ba. Bugu da ƙari, birnin duka yana cikin yankin da hasumiyar Kano take iko da shi, kuma rundunar sojan sama tana amfani da filin wajen horar da matuƙanta. Babu layin da ke nuna wannan iyaka a hoto. Ba a shiga sai da izini ta rediyo, kuma tsayin da hasumiya ta bayar shi ake bi.

Dubawar tana nuna wani abu kuma marar daɗi: a cikin birni kusan babu inda ƙaramin jirgi zai sauka idan injinsa ya mutu. Filayen makarantu gajeru ne, tituna cike suke da wayoyin lantarki da ababen hawa. Wannan yakan sa matuƙin jirgi mai inji ɗaya ya zaɓi kewaye birnin, ko ya nemi ƙarin tsayi.

Tsofaffin hotuna

Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da bayansa, a dā ita ce alama mafi girma da ake gane birnin da ita daga sama. Idan aka jera hotunan shekaru daban-daban za a ga yadda gine-gine suka cinye sassanta da yawa, da yadda aka cike kududdufai aka yi gini a kansu. Abin da wannan yake nufi ga matuƙi shi ne alamar da ya gani a hoton shekara biyar da suka wuce tana iya zama babu ita. Google Earth yana rubuta ranar da aka ɗauki hoto a ƙasan allo, kuma abin da ake gani a allo ɗaya sau da yawa haɗi ne na hotunan ranaku dabam-dabam. A karkara, da filayen jirgi marasa kwalta, hoton yakan fi tsufa. Titin da ya fito sumul a allo yana iya kasancewa zaizaya ta cinye shi, ko an shuka gero a kansa.

Lokacin shekara ma yana sauya komai. Hotuna masu kyau an fi samunsu da rani, lokacin da babu gajimare, ƙasa ta yi ja, koguna sun zama rairayi. A watan Agusta wurin kore ne shar, fadamu sun cika, hanyoyin ƙasa sun ɓuya cikin dawa. Taurarin da suke ɗaukar irin waɗannan hotuna galibi da hantsi suke wucewa, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, don haka inuwar da ke hoton ta safe ce. Inuwar tana da amfani: ƙarfen sadarwa siriri ne, daga sama ba a ganinsa, amma doguwar inuwarsa takan tona shi. Manyan wayoyin lantarki su ma ba su fitowa, sai dai a bi sawun turakunsu.

Hazo da hadari

Babban abin da yake hana tuƙin gani da ido a Kano shi ne hazon hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma a ranakun da hazon ya yi kauri hangen nesa yakan faɗi ƙasa da kilomita ɗaya, har manyan jirage su fasa sauka. A irin wannan rana duk alamomin da aka zaɓa a manhaja ba su da amfani. Ko a hazo marar kauri, wanda ya fuskanci yamma da la'asar ba ya ganin abin da ke gabansa sosai, saboda hasken rana da ke watsuwa cikin ƙurar.

A nan wani nau'in hoton ne yake aiki, na taurarin yanayi. Taurarin Meteosat na hukumar EUMETSAT ta Turai suna tsaye ne a kan layin da ya raba duniya biyu, suna aiko da hoton Afirka duk minti 15 ko ƙasa da haka. Akwai haɗin launi na musamman da yake nuna ƙura da ruwan hoda mai kauri, ta yadda ake ganin tasowarta daga Chadi kwana ɗaya ko biyu kafin ta iso ƙasar Hausa. Da damina kuma hotunan suna nuna jerin hadarin da yake tasowa daga gabas yana tafiya yamma. Haɗarinsa sananne ne a tarihin Kano: a ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin Argonaut na kamfanin BOAC ya faɗi jim kaɗan bayan tashi cikin hadari, mutum 32 suka rasu. Rahoton yanayin da doka ta amince da shi a Najeriya na hukumar NiMet ne, hotunan da ake gani a intanet ƙari ne a kansa.

Zafi da tsawon titi

Filin jirgin Kano yana da titi biyu: 06/24 mai tsawon kusan mita 3,300, da 05/23 mai kusan mita 2,450. Ana iya auna su a manhaja, amma awon ba ya faɗin ko titin a buɗe yake yau, ba ya kuma faɗin ko ya isa. Idan zafi ya yi yawa iska tana rage kauri, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya buƙaci ƙarin gudu. Matuƙa suna ƙiyasta ƙarin ƙafa 120 ga kowane digiri ɗaya da zafi ya haura ma'aunin da aka ɗauka na daidai, wanda a tsayin Kano kusan digiri 12 ne. A rana mai digiri 40, irin ta watan Afrilu, jirgi yana aiki ne kamar yana tashi daga fili mai tsayin kusan ƙafa 4,900.

A ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 da ya nufi Legas ya tashi ta gajeren titin da tsakar rana, ya zarce ƙarshensa kafin ya ɗaga, sannan ya faɗa unguwar Gwammaja, kusa da Dala. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa, cikinsu har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Zafin ranar da tsayin filin suna cikin abubuwan da bincike ya ambata.

Matsayin doka

A Najeriya hukumar NCAA ce take ba da lasisin matuƙa da izinin zirga-zirgar jiragen da ba na haya ba. Hukumar NAMA ce take kula da sararin sama, take wallafa kundin bayanan filayen jirgi da hanyoyin sama da ake kira AIP, da sanarwar NOTAM wadda take faɗin sauye-sauyen wucin gadi kamar rufe titi ko kafa dogon ƙarfe. A Jamhuriyar Nijar, inda filayen Maraɗi da Damagaram suke, hukumar ASECNA ce take yin wannan aiki. Wuraren da aka haramta ratsawa ko aka taƙaita, da mitocin rediyo, da iyakokin yankunan hasumiya, duk a waɗannan takardu ake samunsu.

Tun 1998 ICAO ta wajabta amfani da tsarin WGS-84 wajen rubuta lambobin wuri, wanda shi ne GPS da Google Earth suke amfani da shi. Tsofaffin taswirorin ƙasa na Najeriya kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su, kuma idan aka kwafi lamba daga irinsu aka sa a manhaja ba tare da an juya ta ba, wurin yakan goce da gomman mitoci. Manhajojin matuƙa suna ba da damar sauke taswira da hoto a kwamfutar hannu kafin tashi, domin sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a sama, kuma kwamfutar hannu takan kashe kanta idan rana ta dake ta a gaban gilashin jirgi. Saboda haka makarantun tuƙi har yanzu suna koyar da ɗalibi ya riƙe taswirar takarda da jadawalin tafiyar da ya rubuta da hannunsa, mai ɗauke da kusurwa da nisa da minti da man da zai sha tsakanin kowace alama da ta gaba.